Famfon kwamin ninkaya yana yoyo: yadda ake canza sil da robobinsa

Idan ka shiga ɗakin famfon kwamin ninkaya, kada ka tsaya kallon famfon daga sama. Durƙusa ka haska fitilar waya a ƙarƙashinsa, daidai mahaɗar da injin lantarki, wato moto, ya manne da gangar robar da ruwa ke bi. In ka ga danshi a siminti, ko wani farin ɓawo kamar kanwa ya bushe a wurin, ko jan layin tsatsa ya gangaro daga ƙasan moto, to sil ɗin shaf ya fara tafiya. Shaf shi ne sandar ƙarfen da moto ke juyawa, sil kuma shi ne abin da ke hana ruwa bin ta ya fito. Masu kula da wurin sukan shimfiɗa tsumma ko su tara roba, su ce ai ɗigo ne kawai. Ta fuskar ruwa suna da gaskiya, ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa bai wuce lita 4 da ɗoriya a kwana ba, abin da rana ke ƙonewa daga saman kwamin ya ninka haka sau da yawa. Matsalar tana inda ruwan ke bi. Yana bin shaf ne ya nufi boris ɗin gaba na moto, wato zoben ƙarfen da shaf ke juyi a cikinsa, ya wanke giris ɗinsa, ruwan kuma mai kulorin ne. Bayan 'yan makonni sai famfo ya fara kuka, daga nan boris ya cije, kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin moto, ya ƙone. Aikin da za a gama cikin awa ɗaya ya koma sayen sabon moto.

Kafin ka taɓa sifana, tabbatar da inda yoyon yake, domin ba kowane ruwa da ke ƙasan famfo ba ne laifin sil. Goge ko'ina ya bushe ƙarau, ka kunna famfon, ka bi shi da busasshiyar takarda. Famfo rabi biyu ne. Rabin gaba, daga bututun shiga zuwa kwandon tace shara, zuƙa yake yi. Idan akwai kafa a nan, ruwa ba ya fita yayin da famfo ke aiki, iska ce ke shiga. Za ka ga kumfa tana yawo ƙarƙashin murfin nan mai kama da gilashi, wani lokaci kuma ka ga ruwa ya yi tsartuwa daga gefen murfin a daidai lokacin da aka kashe. Wannan aikin robar murfi ne, wato zoben robar da ke toshe bakinsa, ko robar ƙaramin matoshin zubar da ruwa da ke ƙasan tukunyar kwando. Rabin baya, daga farfela, wato fankar da ke tura ruwa, zuwa bututun fita, turawa yake yi, shi ya sa yoyonsa ke fitowa idan famfo na aiki. A nan wurare uku ake zargi: tiredin bututun fita da ke sama, babbar robar da ke tsakanin ganga da farantin baya da ke haɗa ta da moto, sai kuma sil. Ruwan da ke gangarowa daga bututun fita yakan zagaya gangar ya ɗiga a ƙasa, ya yaudari mutum ya kwance famfo gaba ɗaya a banza. Saboda haka fara dubawa daga sama. In saman a bushe yake, gefen babbar robar ma a bushe, amma ruwa na ɗiga daga bayan farantin, ta ɓangaren moto, to babu sauran shakka.

Shi sil ɗin gida biyu ne. Akwai farin zobe na tangaran da ke zaune cikin wata 'yar hular roba. Akwai kuma ɗaya ɓangaren mai sifirin, wanda bakinsa baƙin zobe ne na kabon mai santsi. Ɗaya yana tsaye, ɗaya yana juyawa tare da farfela, sifirin yana danne fuskokinsu biyu. A wutarmu mai 50Hz moto yana juyi wajen 2,850 a minti ɗaya, kuma abin da ke hana fuskokin nan biyu ƙona juna shi ne ɗan siririn ruwan da ke ratsa tsakaninsu. Shi ne man su, shi ne kuma mai sanyaya su. Duk wanda ya taɓa gyaran injin ban ruwa na fadama ya san wannan sil, tsari ɗaya ne, girma da irin roba ne suka bambanta.

Wurin saye ake yawan faɗawa rami. Hayward Super Pump yana ɗaukar sil mai lamba SPX1600Z2, wanda a lambobin kamfanin US Seal ake kira PS-201, faɗin raminsa inci 3/4, domin a kan wuyan farfela yake hawa, ba kan shaf kai tsaye ba. Pentair WhisperFlo kuwa PS-1000 yake ɗauka, inci 5/8. Famfunan Turai, irin su AstralPool da Espa, galibi awonsu na milimita ne. Inci 5/8 milimita 15.9 ne, inci 3/4 kuma 19.05, don haka mai kanti zai iya miƙo maka na milimita 16 ko 20 ya ce ai duk ɗaya ne. A ido ɗaya ne, a cikin famfo ba ɗaya ba ne. Ɗauki hoton farantin lambar da ke jikin famfon, na gangar nake nufi, domin lambar jikin moto ba ta faɗa maka irin sil. Abin da ya fi ma shi ne ka tafi da tsohon sil a aljihu, gida biyun duka, a auna abu uku: faɗin rami, faɗin bayan hular tangaran, da tsawon sifirin. Idan kwamin na gishiri ne, nemi wanda robarsa Viton ce, wata irin roba mai jure sinadari. Kuma tunda za ka buɗe famfon, sayi robobin duka a tare: babbar robar ganga, ƙaramar robar difyuza (hular da ke rufe farfela), robar murfi, da na matosai. Robar da ta shekara biyu ko uku a matse ba ta komawa yadda take, idan ka mayar da ita sai ka rufe yoyo ɗaya ka buɗe wani.

Kayan aiki ba su da yawa: sifanoni, ciki har da 9/16 da 7/16 idan famfon na Amurka ne, ko 10 da 13 da 17 idan na milimita ne, sukudireba biyu, tsumma mai tsabta, ɗan sabulun ruwa, sifirit na asibiti, da man silikon. Man silikon na ce, ban ce Vaseline ba, ban ce giris ɗin mota ba. Duk man da aka samo daga fetur yana kumbura irin wannan roba, ta yi laushi ta miƙe, bayan ɗan lokaci ta fito daga gurbinta.

Kashe wuta daga birika, wato makunnin da ke akwatin rarraba wuta, ba daga maɓallin bango kaɗai ba. A wurinmu akwai ƙarin abin lura: an ɗauke wuta ba yana nufin aiki ya yi lafiya ba, za a iya dawo da ita ko wani ya tayar da janareta hannunka na cikin farfela. Sauke birika, ka manna takarda a kai, ka gaya wa mai kula da janareta. Daga nan rufe bawul ɗin shiga da na fita. Wannan ya zama dole idan ɗakin famfon na ƙarƙashin ƙasa ne, ƙasa da saman ruwa, domin da ka sassauta noti kwamin zai fara juyewa cikin ɗakin. Buɗe ɗan bawul ɗin iska da ke saman tukunyar tace ruwa har allurar gejin ta kwanta a sifili, sannan ka cire matosan ƙasa ruwan ganga ya tsiyaye.

Ba sai ka yanke bututu ba. Gangar tana nan a wurinta, moto ne ake zarewa ta baya. A Super Pump kusoshi huɗu ne ke riƙe da shi, wasu famfunan shida ko takwas, wasu kuma ɗamarar ƙarfe ce mai noti ɗaya. Kwance su, ka ja moto baya a miƙe. Idan wayar ta yi gajarta, ɗauki hoton yadda aka ɗaura ta kafin ka cire. Abin da za ka fara gani shi ne difyuza, wata hular roba da ta rufe farfela. Wata ja kawai ake yi, wata tana da ƙananan sukurori. Lura da alamar da ke nuna samanta, domin a juye ba ta zama daidai.

Farfela ɗaure take da tiredi a bakin shaf, sai an riƙe shaf ta baya take kwancewa. A moto irin na Amurka, cire murfin baya. Za ka ga kafasito, wani ɗan gwangwani mai tara cajin wuta. Kada ka kai masa hannu sai ka haɗa bakinsa biyu da sukudireba mai mariƙin roba ya sauke cajinsa, yana riƙe wuta ko bayan an kashe. Can a gindin shaf akwai wuri mai lebur da sifana 7/16 ke kamawa, ka zura ta a hankali kada ka lanƙwasa 'yan ƙarafan suwic da ke wurin. A moto irin na Turai, murfin fanka ake cirewa, galibi akwai tsaga a ƙarshen shaf da babbar sukudireba ke shiga. Kada ka riƙe fukafukan fankar, karyewa suke yi. Kafin ka murɗa, leƙa tsakiyar farfelar. Wasu, kamar ta WhisperFlo, suna da sukurun kulle, kuma tiredinsa na hagu ne: ɓangaren da ka saba ɗaurewa nan ne yake kwancewa. Mutane da yawa sun cinye kansa don rashin sanin haka. Ita farfelar kanta, idan kana fuskantarta, hagu ake juya ta. In ta ƙi, naɗa mata bel ko tsumma ka ƙara ƙarfi. Kada ka cusa sukudireba cikin ramukanta ka yi banƙara, kuma kada ka buga da guduma.

Yanzu tsaya ka ɗauki hoto, domin ba duk famfuna ne suke jera sil iri ɗaya ba. A Super Pump da mafi yawan irinsa, tangaran yana cikin farantin baya, mai sifirin yana kan wuyan farfela. A masu PS-1000 akasin haka ne: mai sifirin yana da kofin ƙarfe da ake dannawa cikin farantin, tangaran kuma yana zaune a bayan farfela. Yadda ka tarar haka za ka mayar.

Zare mai sifirin da murɗawa. Kwance kusoshi huɗun da suka haɗa farantin da moto, ka kifa farantin, ka turo tangaran daga baya. A tabbata hular robarsa ta fito tare da shi. Takan maƙale a gurbi, mutum ya ɗora sabuwa a kan tsohuwa.

Kada ka yi saurin jefar da tsohon sil, shi zai gaya maka abin da ya kashe shi. Idan tangaran ya tsage, ko kabon ya yi ƙyalli kamar an ƙona shi, robar ta taurare, to famfon ya yi aiki babu ruwa. Idan ka ga zane-zane masu zagaye a fuskokin kamar an ja ƙusa, yashi ne. Idan robar ta kumbura ko ta yi danƙo, sifirin ya ci tsatsa, sinadari ne. Idan kuma gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, shaf ne ke rawa, wato boris ya riga ya tafi. Kama bakin shaf ka girgiza sama da ƙasa, bai kamata ya motsa ba. Juya shi da yatsu, ya tafi sumul ba tare da gurzawa ba. In ka ji kamar akwai tsakuwa a ciki, kai moton a canza boris tun yana kwance. A irin waɗannan moto 6203 ne aka fi samu, wasu 6202 ko 6204, lambar tana rubuce a gefen tsohon. Sabon sil a kan mataccen boris an gudu ne ba a tsira ba.

Duba farantin da kyau a cikin haske. Zafin aiki babu ruwa yana narkar da gurbin tangaran, ya zama ba zagaye ba, ko ya bar tsaga siririya kamar gashi. Duba wuyan farfela ma, shi ma yana tsagewa. Idan ɗayansu ya lalace, canza shi. Cike gurbi da gam ko Araldite gyaran gangar Auzinawa ne, za ka rufe famfo ka sake buɗewa cikin mako. Tsatsar da ke kan shaf a goge ta da sanfefa mai laushi. Idan akwai 'yar washar roba a kan shaf tsakanin faranti da moto, bar ta a wurinta. Aikinta ta watsar da ɗigon da ya tsere kafin ya kai boris.

Sa sabon sil shi ne wurin da ake son natsuwa, sauran duk ƙarfi ne da haƙuri. Wanke hannunka. Goge gurbin tas, babu yashi babu ɓawo. Jiƙa hular robar tangaran da ruwa mai ɗigon sabulu, ka ɗora a bakin gurbin, farar fuskar mai santsi tana kallonka, robar tana ciki. Kada yatsanka ya taɓa farar fuskar. Ɗora ɗan kwalin da ya zo a cikin fakitin, ko tsumma mai tsabta, ka danna da manyan yatsu biyu har ka ji ya zauna. Juya farantin ka leƙa ta baya, ka tabbata ya kai ƙasa ta kowane gefe. Karkacewar da ido da ƙyar yake gani ta isa ta sa yoyo. Idan irin mai kofin ƙarfe ne, shafa silikon na liƙi siriri a bayan kofin, ka sami guntun fayif da bakinsa ya hau leɓen ƙarfen kaɗai, ka buga a hankali har ya zauna. Bugu ɗaya a kan kabon ya gama da shi.

Mayar da farantin a kan moto, kana kiyaye kada bakin shaf ya daki tangaran. Sannan jiƙa wuyan farfela, ka zura mai sifirin. A nan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa yake: baƙin zoben kabon mai santsi shi ne zai kalli tangaran, ɓangaren roba da ƙarfe kuma ya jingina da farfela. Idan aka juya shi, famfon zai tashi kamar lafiya, cikin mintuna robar ta narke a jikin tangaran. Kafin ka haɗa su, goge fuskokin biyu da sifirit a tsumma mai tsabta. Ba a shafa musu mai kowane iri, har da na silikon. Mai yana kama ƙura, yana kuma hana siririn ruwan nan shiga. Riƙe shaf ta baya, ka ɗaura farfela da hannu har ta tsaya, za ka ji sifirin yana matsewa a juyin ƙarshe. Hannu ya isa, juyin moto ma ƙara ɗaure ta yake yi. Mayar da sukurun kulle in akwai, tare da 'yar robarsa.

Robobin ba su da wuya. Share gurbin kowace da tsohon buroshin haƙori, shafa mata man silikon kaɗan har ta yi sheƙi, ka kwantar da ita ba tare da ta murɗe ba. Mayar da difyuza, tura moto cikin ganga a miƙe, ka kama kusoshin duka da hannu tukuna, sannan ka ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ɗaure tayar mota. Kada ka danne da ƙarfinka duka, roba ce ke toshe ruwa ba ƙarfin noti ba, kuma gidajen tagullar da kusoshin ke shiga suna fizgowa daga jikin roba. Idan bututun fita ma yana yoyo, sau da yawa zafi ne ya tsuke tiredinsa. Canza shi, ka naɗa farin tef zagaye uku ko huɗu, ka ɗaure da hannu ka ƙara juyi ɗaya da sifana. Wuce haka yana tsaga bakin ganga.

Kada ka kunna a bushe ko na gwaji. Mayar da matosai, cika tukunyar kwando da ruwa har baki, rufe murfi da hannu, buɗe bawul ɗin shiga da na fita, ka duba hannun tukunyar tacewa ba a kan rufe yake ba. Bar bawul ɗin iska a buɗe, ka ɗaga birika. Cikin minti biyu ko uku ya kamata ka ga ruwa ya cika murfin. Idan bawul ɗin iska ya fara feso ruwa sai ka rufe shi. In minti biyar ta wuce bai ja ba, kashe, ka sake cikawa, ka nemi inda iska ke shiga. Shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin mahaɗar. Ɗigo biyu ko uku a mintunan farko ba abin damuwa ba ne, fuskokin suna zama ne. Idan bayan awa ɗaya kwalin na ci gaba da jiƙewa, sake buɗewa: ko tangaran ya karkace, ko sil a juye yake, ko akwai tsagar da ba ka gani ba.

Saura abin da ya kashe na farkon, domin in yana nan zai kashe na biyu. A ƙasarmu babban mai laifi shi ne aiki babu ruwa, kuma ɗauke wuta ce ke buɗe masa ƙofa. Famfon da ke sama da saman ruwa, idan aka ɗauke wuta kuma robar murfi tana shan iska, ruwan bututu yana komawa kwami. A dawo da wuta cikin dare, famfo ya tashi shi kaɗai ya yi ta juyi a bushe har gari ya waye. Maganinsa bawul mai hana ruwa komawa a bututun shiga, da kuma sitata, wato na'urar tayar da moto, irin wadda ba ta tashi da kanta bayan an ɗauke wuta sai an danna. Na biyu, zafin Maris da Afrilu da busasshiyar iskar hunturu suna sauke ruwa da sauri. Kwami mai mita 10 da 5 idan ya sauka santimita ɗaya, lita 500 ke nan ta tafi. Da ruwan ya sauka ƙasa da bakin ramin da ke kwashe sharar sama, famfo zai fara zuƙar iska. A riƙe shi a tsakiyar bakin ramin, a kuma riƙa zazzage kwanduna, musamman lokacin da bishiyoyi ke zubar da ganye. Idan ruwan burtsatse ake cikawa da shi kuma yana zuwa da yashi, a bar shi ya kwanta a tanki tukuna.

Sai ɗabi'ar jefa ƙwayoyin kulorin cikin ramin kwashe shara ko cikin kwandon famfo. Ƙwayar kulorin da ake kira tiraikulo tsami gare ta sosai, pH ɗinta, wato awon tsaminta, wajen 3 ne. Muddin ruwa na gudu tana narkewa a hankali ta bi ruwa, amma da an ɗauke wuta sai ta ci gaba da narkewa a ruwan da ke tsaye, in famfo ya tashi wannan ruwan mai kaifi shi ne zai fara ratsa sil da robobi. A sa ƙwayoyin a cikin robarsu mai yawo a saman ruwa, ko a na'urar da ake ɗaurawa bayan tukunyar tacewa, a riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin kuma tsakanin 1 da 3 a ma'aunin gwaji.